Digirin Antoropoloji: kwasa-kwasan da ake yi da yadda za ka zaɓi ɓangarenka

Hutun farko da na dawo gida daga jami'a, bayan sallar isha'i muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, kawu ya tambaye ni wai me nake karantawa ne a can. Na ce masa Antoropoloji, sai na shiga yi masa bayani, na ce ilimi ne na nazarin ɗan Adam, yadda mutane suke aure da rabon gado da noma da ciniki, yadda suke magana, da abin da kakanninsu suka bari a ƙasa. Ya yi shiru can ya ce, "To ai mu ne littafin naku kenan." Wallahi har yau ban ji wani lakcara ya faɗe ta daidai kamar yadda kawu ya faɗa ba.

Tun daga lokacin ƙanne da yawa a garinmu da ƙauyukan kusa suke tambayata kan wannan kwas, wasu su suka zaɓa wasu kuma ba su aka yi bayan sun nemi lauya ko aikin jarida ba su samu ba, shi ya sa na ga gara na rubuta shi wuri ɗaya. Ina magana da namiji ne a rubutun amma ƙanwata har da ke, akwai ma inda kin fi su dama, za mu zo wajen.

Mataki na farko: ka san sunan da kwas ɗin yake ɓuya a ƙarƙashinsa

Nan ne da yawa suke ɓata. Ka je kafe ka ce a duba maka Antoropoloji a jami'o'in kusa, mai kafe ya duba ya ce babu, shi kenan ka haƙura. To a Najeriya ba kasafai kwas ɗin yake tsayawa shi kaɗai ba, haɗa shi ake yi da wani. A Jami'ar Maiduguri sashen sunansa Soshiyoloji (ilimin zamantakewar al'umma) da Antoropoloji, haka ma a Nsukka da Ife da Benin. A Ibadan kuma da Akiyoloji aka haɗa shi, wato ilimin tono kayan tarihi daga ƙasa. ABU Zariya tana da sashen Akiyoloji nata. A BUK da Jami'ar Tarayya ta Dutse abin da za ka samu shi ne Soshiyoloji, kuma a cikinsa akwai kwasa-kwasan nazarin al'adu da tsarin zaman al'umma, sai dai ba su kai yawan na inda aka rubuta sunan a jikin sashen ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne zaɓen jami'a shi ne rabin zaɓen ɓangare. Idan zuciyarka tana wajen tsofaffin garuruwa da ganuwa da fasassun tukwane, nemi Zariya ko Ibadan. Idan rayuwar mutanen yau ce ta dame ka, Maiduguri ko Kano ko Dutse sun ishe ka, kuma kusa da gida ba ƙaramin abu ba ne ga wanda kuɗin mota ma sai an sayar da buhun gero ko ɗan akuya.

Mataki na biyu: takardun shiga

Kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, kuma yawancin jami'o'i suna son lissafi ma, a zama ɗaya ko biyu. Kar ka raina lissafin nan ka ce ai ni ɗan at ne, don gaba za ka haɗu da kwas ɗin ƙididdiga kuma ba a tsallake shi. A jarrabawar JAMB darussa 4 ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun yawanci daga irin su Gwamnati, Tarihi, Ikonomiks, Jogirafi, Hausa ko Nazarin Addinin Musulunci. Amma kowace jami'a da nata sharaɗin, don haka kafin ka biya ko sisi ka sa a buɗe maka littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB ka karanta da idonka, kar ka bar mai kafe ya zaɓar maka yana sauri layi ya yi masa yawa. Kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka na NIN sun yi daidai da na takardar sakandare, harafi ɗaya in ya bambanta sai ya jawo maka zirga-zirga ta wata guda.

Wanda yake da NCE ko difloma ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) zai iya shiga kai tsaye aji biyu, shekara 3 kenan maimakon 4. Batun kuɗi kuma akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, da tallafin karatu na jiha, ka nemi duk wanda ka cancanta.

Mataki na uku: ka iya lissafin yunit tun ranar farko

Kowane kwas yana da nauyi da ake kira yunit, wani 2 wani 3. A tsarin hukumar jami'o'i ta NUC mafi ƙarancin abin da za ka ci kafin a ba ka digiri na shekara 4 shi ne yunit 120, wanda ya shigo aji biyu kuma 90. A samista ɗaya ba a yin ƙasa da 15 ba a wuce 24. A ƙarshen 2022 hukumar ta fito da sabon tsarin manhaja, inda kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasan ita take tsarawa, kashi 30 kuma kowace jami'a ta tsara nata, shi ya sa in ka kwatanta fom ɗin rijistarka da na abokinka na wata jami'a za ka ga sun yi kama amma ba ɗaya ba ne.

Kwasa-kwasan kala uku ne. Akwai na dole na sashe, akwai na gama-gari da kowane ɗalibi yake yi irin su Turanci da al'adun mutanen Najeriya da falsafa da zaman lafiya da sana'o'in dogaro da kai, sannan akwai na zaɓi. Na dole in ka faɗi sai ka maimaita, shi ne kari-oba.

Maki kuwa, 70 zuwa sama A ne yana da 5, daga 60 B yana da 4, daga 50 C yana da 3, daga 45 D yana da 2, daga 40 E yana da 1, ƙasa da haka F babu komai. Ana ninka wannan lambar da yunit ɗin kwas, a tara duka a raba da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne matsakaicin makinka, kuma da shi ake tantance darajar digiri. Bari in nuna maka yadda F ɗaya take ɓarna. Ka ɗauka kwas uku ka yi: mai yunit 3 ka ci B, 12 kenan, mai yunit 2 ka ci A, 10 kenan, mai yunit 3 ka faɗi, sifili. Ka tara 22 ka raba da yunit 8, ka samu 2.75. Da a ce wancan da ka faɗi C kawai ka samu, da 31 za ka raba da 8, ka tashi da kusan 3.9. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Kuma aji ɗaya ne ya fi sauƙin tara maki, amma shi ne lokacin da ɗan ƙauye yake fama da baƙunta da Turancin lakcara da neman ɗakin kwana, don haka dan Allah kar ka ji kunyar zama a layin gaba ko tambayar 'yan aji biyu tsofaffin takardun jarrabawa.

Mataki na huɗu: abin da za ka tarar aji-aji

Aji ɗaya gabatarwa ce zalla, gabatarwa ga Antoropoloji, ga Soshiyoloji, ɗan ilimin halayyar ɗan Adam, kwamfuta, da na gama-gari. Aji biyu a fara shiga ciki: al'ummun Afirka da na Najeriya, dangantaka da aure da iyali, ƙididdiga, tarihin masanan fannin. Aji uku shi ne mai zafi, nan ake yin ra'ayoyin masana da hanyoyin bincike, kuma nan kwasa-kwasan zaɓi suke yawaita. Aji huɗu kuma furojet, wato binciken da za ka yi da kanka ka rubuta kafin ka gama.

Kwas biyu ne nake roƙonka kar ka yi musu karatun haddar handawut. Na farko dangantaka. Za a sa ka zana iyali da alamomi, namiji da alama mai kusurwa uku mace da da'ira, kuma a nan za ka gane arzikin da kake da shi, don Bature kalma ɗaya yake da ita ga kawu da baffa, ɗaya ga gwaggo da inna, kai kuwa tun kana yaro ka san bambancin dangin uwa da dangin uba, ka san ɗan uba ka san ɗan ɗaki, ka san taubashi da wasan da ke tsakani, ka san agola, ka san auren zumunci da abin da yake gyarawa da abin da yake ɓatawa. Abin da ɗalibin wata ƙasa zai haddace kai rayuwarka ce. Na biyu hanyoyin bincike, shi ne zai ci da kai bayan ka gama, in ka iya shi.

Mataki na biyar: zaɓen ɓangare

A Amurka tun zamanin Franz Boas na Jami'ar Kolombiya aka raba fannin gida huɗu, al'adu, jikin ɗan Adam, harshe, da tono kayan tarihi, kuma ɗalibi yakan ɗanɗana duka sannan ya bayyana wanda zai ƙware a kai a rubuce. A Ingila sun fi karkata ga nazarin tsarin zaman al'umma, mu kuma nasu muka gada. A nan gida yawanci ba wanda zai ba ka fom ya ce cike ɓangarenka, satifiket ɗinku iri ɗaya zai fito da na kowa a ajin. Kai ne za ka gina ɓangaren da hannunka, ta hanyar kwasa-kwasan zaɓi da kake ɗauka da kuma batun furojet ɗinka. Wanda bai san haka ba sai ya riƙa bin abokai yana ɗaukar duk kwas ɗin da aka ce lakcaransa yana ba da maki, ya gama shekara 4 a tambaye shi me ya ƙware a kai ya rasa amsa.

Ɓangaren al'adu da zaman jama'a shi ne mafi faɗi kuma shi na bi. Ƙasar Hausa an yi mata rubutu sosai a nan. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950 ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo, in ka karanta kamar kana jin kakarka tana ba da labarin aure da kishiya da ƙawance. Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, sannan a Ɗorayi lokacin tana ƙauye a gefen Kano, kan gandu da gona da dalilin da ya sa wani manomi yake arziki maƙwabcinsa yana talaucewa. Ka je Ɗorayi yau ka ga yadda gari ya cinye gonakin, wannan kaɗai batun bincike ne. Wanda ya zaɓi nan ya ɗauki kwasa-kwasan zaman karkara, addini da al'umma, tattalin arzikin gargajiya, siyasa da sarauta.

A cikinsa akwai reshen lafiya, kuma in don samun aiki ne ni shi nake fara nuna wa mutum. Ka tuna 2003 zuwa 2004 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, allurar tana nan ma'aikata suna nan, abin da ya ɓace shi ne yarda, kuma sai da aka koma wajen sarakuna da malamai da iyaye aka saurare su kafin abin ya daidaita, har aka kai 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Najeriya. Me ya sa mace take fara zuwa wajen ungozoma kafin asibiti, me mutane suke nufi in sun ce shawara ko basir ko iska, wa yake yanke shawarar a kai mara lafiya gari, duk aikin wannan reshen ne. Ƙanwata nan ne na ce kin fi su dama, don ke za ki shiga cikin gida ki zauna da mai jego ki ji abin da namiji ba zai taɓa ji daga zaure ba.

Akiyoloji kuma na masu haƙuri ne da rana da ƙura. Kar ka ɗauka sai Masar. A Birnin Kudu nan Jigawa akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu. A Dufuna ta jihar Yobe wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale wanda aka auna shekarunsa kusan 8000, yana cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Ga gumakan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, ga alamun narkar da tama a Dala, ga kufai da tsofaffin ganuwoyi da marina da muke wucewa kullum a hanyar gona. Za ka koyi auna fili, tono a hankali bene-bene, zana taswira, tantance fasassun tukwane, da yadda ake gane shekarun abu. Akwai fita daji ta dole, ka tanadi kuɗinta tun da wuri.

Ɓangaren jikin ɗan Adam ya fi kusa da kimiyya: ƙasusuwa, gado ta jini, girman yara da abinci, da irin alaƙar da ke tsakanin sikila da zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ba shi da ƙarfi a yawancin sassanmu, gabatarwa kawai za ka samu. Kuma gara in faɗa maka tun yanzu, a nan za a koyar da kai ra'ayin masana kimiyya kan asalin ɗan Adam da tsofaffin ƙasusuwan da aka tono a gabashin Afirka, irin wanda aka samu a Habasha a 1974. Na ga ɗalibai sun tashi sun bar aji saboda wannan. Ni abin da na yi, na koyi abin da suka faɗa da hujjojinsu yadda zan iya bayyana shi daidai a jarrabawa, abin da ya shige mini duhu ta fuskar addini na kai wa malamina na gida muka tattauna.

Na harshe shi ne aka fi mantawa kuma shi ya fi ba ni tausayi. A ƙasar Auyo da wajen Kafin Hausa an yi harsunan Auyokawa da Teshenawa, yau babu mai jin su, Hausa ta shanye su. Har yanzu akwai gidajen da kaka take Fulatanci ko Manganci jika ba ya ji. Mai son wannan ya riƙa ɗauko kwas ɗin zaɓi daga sashen harsunan Najeriya ko na kimiyyar harshe, in dokar sashensa ta yarda, kuma in ya iya ajami to ya riƙe shi da kyau.

Shawarata kar ka yanke tun aji ɗaya. Ka bari ka gama aji biyu, sannan ka duba wane kwas ne kake karantawa ko ba jarrabawa, kuma wane lakcara ne a sashen yake aiki a kan abin, don ɓangaren da ba mai duba ka a kai wahala ce kawai.

Mataki na shida: furojet

Tun hutun ƙarshen aji uku ka fara, kar ka jira a raba sufabaiza. Ka zaɓi abu ƙarami wanda ƙafarka za ta kai. "Al'adun Hausawa" ba batu ba ne, teku ne. Amma yadda dillalai suke ƙulla yarda tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwar dabbobi ta Maigatari ko ta Wudil batu ne. Yadda adashin mata yake tafiya a unguwa ɗaya batu ne. Yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja ta canza zaman masunta da manoma da makiyaya batu ne. Ko me ya sa gayya take raguwa, ko yadda gandu yake watsewa in uba ya rasu, ko me ƴan ci-rani suke dawowa da shi ban da kuɗi.

Babbar hanyar binciken fannin ita ce ka zauna da mutane ka yi abin da suke yi kana lura kana rubutawa, abin da wani masanin fannin mai suna Malinowski ya shahara da shi bayan zamansa a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik lokacin yaƙin duniya na farko. Kai ba sai ka koyi yare ba, amma matsalarka ta daban ce, ka saba da komai har ba ka ganinsa. Maganinta littafin rubutu. Kullum da daddare ka rubuta abin da ka gani filla-filla kamar wanda zai karanta bai taɓa zuwa garin ba: wa ya fara gaisuwa, wa ya zauna a kan buzu wa ya zauna a ƙasa, nawa aka fara tayawa, wa ya sa baki aka sallama, la'adar wa ya biya.

Ni kuskuren da na yi, ranar farko na shiga kasuwa na ciro waya na fara ɗaukar murya ban gaya wa kowa ba, nan take hira ta mutu, wani dattijo ya ɗauka ma'aikacin haraji ne ni. Sai da na koma ta wajen sarkin kasuwa na gabatar da kaina da takardar sashe, na yi sati biyu ina zuwa ina zama ba na tambayar komai, sannan bakin mutane ya buɗe. Don haka ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka faɗi gaskiyar abin da kake yi da inda rubutun zai je, ka nemi izini kafin ɗaukar murya ko hoto, wanda ya ce a'a ka ƙyale shi, kuma ka canza sunayen mutane a rubutun. Garinku ne, bayan difens, wato kare furojet a gaban malamai, nan za ka dawo, sirrin gidan wani in ya fita ta hannunka ba makin da zai wanke ka.

Yawanci babi 5 ake yi: gabatarwa, bitar abin da aka rubuta a baya, hanyar bincike, abin da ka samo, sai kammalawa. Hirar da Hausa za ka yi ta, ka fara rubuta ta da Hausar yadda aka faɗa sannan ka fassara, kalmomi irin su kunya da mutunci da amana ka bar su yadda suke ka yi bayaninsu, kar ka musanya su da kalmar Turanci ɗaya ka wuce. Kuma kar ka sayi furojet a shagon kwamfuta, tambaya biyu za a yi maka a difens a gane.

Batun aiki bayan bautar ƙasa

Ba zan ɓoye maka ba, da wuya ka ga tallan aiki an rubuta ana neman mai digirin Antoropoloji. Inda ake shiga su ne ƙungiyoyin lafiya da na raya karkara masu neman wanda zai tattaro bayanai daga jama'a, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da irin Gidan Makama, hukumar ƙidaya, ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi, koyarwa in ka ƙara difloma ta ilimi, ko ka wuce digiri na biyu. Abin da suke tambaya a intabiyu shi ne ka taɓa yin hira da mutane a fili, ka iya cike tambayoyi a waya, ka iya Excel, ka iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta. Saboda haka duk hutu in ka ji ana ɗaukar masu tattara bayanai na wucin gadi a ƙaramar hukumarku ka je ko kuɗin kaɗan ne, ka karɓi takardar shaida ka ajiye a fayil ɗaya da kwafin fom ɗin rijistar kowace samista da sakamakonka, don ranar kiliyarans, wato tantance takardunka in ka gama, za a nemi wasunsu kuma ba kullum ake samun na ofis ba.